Yadda Za Ka Bi Sawun Tsoffin Gajerun Labaran Bincike, Daga Kundi Zuwa Mujalla

Yawancin tsoffin gajerun labaran binciken laifi ba a littafi suka fara fitowa ba, a mujalla aka fara karanta su. Labarin da masana suka fi ɗauka a matsayin na farko, "The Murders in the Rue Morgue" na Edgar Allan Poe, ya fito ne a mujallar Graham's ta birnin Filadelfiya a watan Afrilun 1841. Bayan shekara 50, a watan Yulin 1891, mujallar The Strand ta Landan ta soma buga gajerun labaran Sherlock Holmes, kuma daga nan kasuwa ta buɗe. Saboda haka duk kundin da ya zo hannunka yau, wani edita ne ya shiga cikin waɗannan mujallu ya tsinto abin da ya yi masa, ya bar saura. Wanda ya gane haka zai san kundin da zai kashe wa kuɗi, ya kuma san inda zai nemo abin da editan ya bari a baya.

Mataki na farko: ka san gidan da kake son shiga

Gida biyu ne manya, kuma wanda ya shiga ɗaya yana tsammanin ɗayan zai fito yana cewa an cuce shi.

Na farko gidan wasa ƙwaƙwalwa ne, wanda ya fi ƙarfi a Ingila. An yi kisa ko sata, ga mutane kaɗan da ake zargi, ga alamu an watsa cikin labarin, sai mai binciken ya tara su ya nuna mai laifi. George Newnes ne ya kafa The Strand a Janairun 1891, sisi ake sayar da ita, kuma ta rayu har Maris ɗin 1950. Dabarar da Arthur Conan Doyle, marubucin Sherlock Holmes, ya kawo mata mai sauƙi ce: jarumi ɗaya kowane wata, amma kowane labari ya fara ya ƙare a fitowa ɗaya, ta yadda wanda ya rasa ta watan jiya ba zai ɓata ba. Sauran mujallu irin su Pearson's da The Royal suka ga ana ciniki, kowace ta nemo nata mai binciken. Ta wannan hanya aka sami Dokta Thorndyke na R. Austin Freeman, likitan da ke aiki da madubin ƙara girma da gwajin sinadarai, da tsohon nan na Baroness Orczy wanda ke zaune a kusurwar shagon shayi yana warware laifin da ya gagari 'yan sanda ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Father Brown na G. K. Chesterton, limamin coci mai kama da wanda bai san komai ba, ya bayyana a 1910.

Gida na biyu na Amurka ne, kuma babu shayi a cikinsa. Mujallar Black Mask, wadda H. L. Mencken da George Jean Nathan suka kafa a 1920, ita ce cibiyarsa. A nan mai binciken ɗan haya ne, yana yawo a unguwannin 'yan daba, ana dukansa yana rama, ɗan sanda da ɗan siyasa duk ba abin yarda ba ne. Dashiell Hammett, wanda shi kansa ya taɓa aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, ya fara fitar da mai bincikensa marar suna a cikinta a 1923. Raymond Chandler ya shigo a Disambar 1933. Idan kana cikin waɗanda suka taso da littattafan James Hadley Chase, to wannan gidan ka riga ka san ƙanshinsa, domin salon da ya ɗauka ke nan, duk da shi Baturen Ingila ne.

Akwai ƙananan ɗakuna biyu da ya kamata ka san da su tun yanzu, don editoci kan yi musu kundi na daban. Ɗaya shi ne laifin da a ido ba zai yiwu ba: gawa a ɗaki kulle ta ciki, ko fursunan da ya fice daga kurkukun da babu kafa, kamar a "The Problem of Cell 13" na Jacques Futrelle na 1905 (marubucin ya rasu a jirgin ruwan Titanic a 1912). Ɗayan kuma labarin da ake juyawa: ka ga mai laifin yana aikatawa tun shafin farko, abin jira shi ne ta ina za a kama shi. Freeman ne ya kafa wannan salo, a tarinsa The Singing Bone na 1912.

Mataki na biyu: ka sayi edita, kada ka sayi bango

Nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta. Kundi mai arha da babu sunan edita yakan zama kamar kashin tumatir a kasuwa: manya biyu a sama, Doyle da Agatha Christie a rubuce ɓaro-ɓaro a bango, ƙasa kuwa duk abin da aka samu kyauta aka zuba. Kafin ka biya, buɗe littafin ka duba abu uku. Akwai sunan wanda ya tattara? Ya rubuta gabatarwa da ta wuce shafi ɗaya? An faɗi inda kowane labari ya fara fitowa da shekararsa? Idan amsar ukun duka a'a ce, mayar da shi.

Editocin da suka cancanci a bi ba su da yawa. Dorothy L. Sayers ta fitar da Great Short Stories of Detection, Mystery and Horror a 1928, ta ƙara na biyu a 1931 da na uku a 1934. Gabatarwarta ta juzu'in farko har yau ana karanta ta a matsayin tarihin fannin, kuma ta jawo labarin tun daga tsoffin hikayoyi irin na Herodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, kafin ta iso kan Poe. Sai dai ka sani, kaso mai yawa na littafin labaran fatalwa ne da ban tsoro. Wanda bincike kaɗai yake so, rabin farko ne nasa.

Sai Ellery Queen, wanda suna ne da 'yan uwa biyu, Frederic Dannay da Manfred B. Lee, suke rubutu da shi. Dannay ne mai tara littattafai a cikinsu. A 1941 suka fitar da 101 Years' Entertainment, wanda ya ɗauko zaren daga 1841, kuma a shekarar ce mujallarsu ta fara fitowa. A 1951 suka buga Queen's Quorum, jerin littattafan gajerun labarai 106 da suke ganin su ne ginshiƙai, daga baya aka kai su 125. Wannan ba littafin labarai ba ne, taswira ce, kuma ta fi amfani bayan ka karanta kundi biyu ko uku.

A ganina, mai farawa ya fara da na Hugh Greene, The Rivals of Sherlock Holmes, na 1970. Greene tsohon shugaban BBC ne, ƙanin marubuci Graham Greene, kuma abin da ya yi shi ne ya cire Holmes gaba ɗaya ya tara abokan gasarsa na tsakanin 1891 da 1914. Littafin bai yi kauri ba, zamani ɗaya ne, kuma yana nuna maka abin da sauran kundaye ke ɓoyewa: ba duk masu binciken zamanin ne mutanen kirki ba. Horace Dorrington na Arthur Morrison, alal misali, mai bincike ne da ke damfarar waɗanda suka ɗauke shi aiki. A nan kuma za ka haɗu da Max Carrados na Ernest Bramah, makahon mai bincike. Greene ya ƙara juzu'i uku a 1971 da 1973 da 1976, na ƙarshen kan Amurkawa.

A ɓangaren Amurka, Joseph T. Shaw, wanda ya riƙe Black Mask daga 1926 zuwa 1936, ya zaɓi labarai da kansa ya buga The Hard-Boiled Omnibus a 1946. Wuyar samu gare shi. Wanda ya fi sauƙi shi ne katon kundin Otto Penzler na labaran Black Mask na 2010, mai shafi sama da 1,000. Cikin na baya-bayan nan, kundayen da Martin Edwards ke shirya wa jerin British Library Crime Classics tun 2015 sun yi kyau ga mai son jigo ɗaya: na Landan, na lokacin hutu, na gidajen ƙauye, na laifin da ba zai yiwu ba. Kowane labari da ɗan bayanin marubucinsa a gaba. Ba duk zaɓinsa ne zinariya ba, wasu labaran an manta da su ne don sun cancanci a manta, amma ba ya yaudarar mai saye.

Mataki na uku: ka buɗe littafin lissafi

Da ka mallaki kundi uku za ka ga matsalar. "The Purloined Letter" na Poe yakan maimaitu daga wannan kundi zuwa wancan. "The Speckled Band" na Doyle ma haka. Maganin shi ne ƙaramin littafin rubutu ko fayil a waya mai layi huɗu: sunan marubuci, sunan labari, mujalla da shekara, sai kundin da ka same shi. Ka jera da sunan marubuci, kada ka jera da sunan kundi. Idan ka tsaya gaban mai sayar da tsoffin littattafai, buɗe shafin abubuwan da ke ciki ka gwada da lissafinka. Idan sabbin labaran ba su kai rabi ba, bar shi, sai dai in farashin ya faɗi ƙasa warwas.

Lissafin yana kare ka daga wata cutar kuma, wato littafi ɗaya mai suna biyu. Kundin Sayers na 1928 shi ne The Omnibus of Crime a Amurka a 1929. Tarin farko na Miss Marple ta Agatha Christie, The Thirteen Problems na 1932, ya koma The Tuesday Club Murders a can. Wani lokaci kuma sunan ɗaya ne, cikin ne ya bambanta: Poirot Investigates na 1924 labari 11 ne a bugun Ingila, 14 a na Amurka. Dannay kuwa ya yi suna wajen sauya wa labarai take idan bai ji daɗin na asali ba, har da na Hammett. Shi ya sa layin farko na labarin ya fi takensa amana. Idan kana shakka, karanta sakin layi na farko.

Ka kuma lura da kalmomin "retold by" ko "abridged" a shafin farko. Waɗannan bugu ne da aka sauƙaƙa wa 'yan makaranta. Suna da amfaninsu ga mai koyon Turanci, amma sau da yawa ƙananan alamun da labarin ya dogara da su ne ake yankewa.

Mataki na huɗu: ka koma mujallar

Me zai sa mutum ya wahalar da kansa, alhali ga labarin a littafi? Domin abin da ke littafin ba koyaushe ne abin da aka fara bugawa ba.

Ga misali daga Holmes kansa. "The Cardboard Box" ya fito a The Strand a Janairun 1893, amma da aka tara labaran wannan zagaye a The Memoirs of Sherlock Holmes a Ingila, sai aka bar shi a waje. Ba a tsaya nan ba, aka yanko farkonsa, inda Holmes ke karanta tunanin abokinsa Watson daga kallon fuskarsa, aka liƙa a kan wani labarin daban, "The Resident Patient". Har yau akwai bugun da za ka karanta wannan yanki sau biyu a labarai biyu, ka zaci idonka ne. Chandler ma haka. Labaransa na mujalla ba Philip Marlowe, mai binciken da aka san shi da shi, ne jaruminsu ba, sunaye ne irin su Carmady da John Dalmas, daga baya aka mayar da wasunsu Marlowe da aka tara su a littafi. Littafinsa The Big Sleep na 1939 kuwa daga labarai biyu na Black Mask ya gina shi, "Killer in the Rain" na 1935 da "The Curtain" na 1936.

Ga yadda ake bin sawun. Fara da shafin godiya ko na haƙƙin mallaka a kundinka, can ake rubuta mujalla da wata da shekara. Idan babu, shiga The FictionMags Index a intanet, ka nemi sunan marubucin, za ka ga jerin labaransa da inda kowanne ya fara fitowa. Shafin ba shi da ado ko kaɗan, rubutu ne zalla, wanda hakan alheri ne ga mai lissafin data. Da ka sami wata da shekara, nufi shafin Internet Archive, rumbun tsoffin littattafai da mujallu a intanet. The Strand an ɗaure ta juzu'i biyu a shekara: na 1 Janairu zuwa Yunin 1891, na 2 Yuli zuwa Disamba, haka har gaba. Ke nan "A Scandal in Bohemia" yana juzu'i na 2, "The Final Problem" na Disambar 1893 yana na 6. A ciki za ka ga zanen Sidney Paget, wanda shi ya ɗora wa Holmes hular nan ta mafarauta da duniya ta san shi da ita. Abin takaici ɗaya, masu ɗaurin sukan cire bango da shafukan talla.

Mujallun Amurka sun fi wuya. A takarda mai arha aka buga su, wadda ke komawa ruwan ƙasa ta rududduge, kuma tsoffin fitowar Black Mask yanzu kayan masu tara kayan tarihi ne, da tsadar gaske. A nan kundi ne hanyarka, kada ka ɓata lokaci.

Mataki na biyar: ka ɗauki na kyauta tukuna

Doyle, Poe, Futrelle, Morrison, tarin farko na Chesterton da na Freeman, duk suna Project Gutenberg, shafin tsoffin littattafai na kyauta a intanet. Sauke nau'in EPUB marar hotuna ko rubutu zalla, ba ya cin data. Hotunan shafukan mujalla na Internet Archive kuwa masu nauyi ne, ka bari sai kana kan wayafai. Rubutun da na'ura ta karanto daga hotunan yana cike da kurakurai, kuma a labarin da ƙarfe nawa ne ke yanke hukunci, lamba ɗaya da ta karkace ta isa ta rusa komai. Mai son saurare, LibriVox na da karatun 'yan sa-kai, wani muryarsa da daɗi, wani sai haƙuri.

Mataki na shida: ka karanta kamar mai gasa

Labaran gidan farko wasa ne tsakaninka da marubuci, kuma wasan na da doka. Ronald Knox ya rubuta dokoki 10 a gabatarwar kundin zaɓaɓɓun labaran 1928, wanda ya fito a 1929. Daga ciki: a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a warware da aljanu ko sihiri, kada mai binciken ya ɓoye wa mai karatu alamar da ya gani, kada a fito da tagwaye ba tare da an share fage ba. S. S. Van Dine ya jera nasa 20 a 1928. Manyan marubuta sun karya wasu, amma sanin dokokin ne ke sa ka gane lokacin da aka yi maka gwaninta da lokacin da aka yi maka maguɗi.

Idan ka iso inda mai binciken ya ce ya gano komai, rufe littafin. Rubuta wanda kake zargi, da yadda ya yi, da alama biyu da ka dogara da su. Sannan ka buɗe. In an kayar da kai, koma baya ka nemo layin da ka tsallake, domin a labari mai kyau yana nan, a fili, an dai kewaye shi da surutu. Labari ɗaya ko biyu a zama ya isa. Wata-wata aka rubuta su a karanta, kuma idan ka haɗiye labaran Father Brown goma a dare ɗaya dabarar Chesterton za ta fara maimaita kanta a idonka. Wannan gasa ba ta aiki a labaran Black Mask sosai, can harshe ne da gudu ke riƙe mutum.

Za ka kuma ci karo da raini. An rubuta waɗannan labarai a zamanin mulkin mallaka, kuma baƙar fata ko ɗan Indiya ko ɗan Sin yakan shigo ne a matsayin abin tsoro ko abin dariya. "The Three Gables" na Doyle na 1926 misali ne mai muni. Editan kirki yakan faɗi haka a gabatarwa. Wanda ya goge wurin ya yi shiru, ya sauya maka labari ne ba da saninka ba.

Mataki na bakwai: ka wuce Landan da New York

Ellery Queen's Mystery Magazine, wadda Dannay ya riƙe daga 1941 har rasuwarsa a 1982, ita ce gadar da ta haɗa tsohon zamani da sabo. Ta sake buga labaran da aka manta, ta ware fili ga wanda bai taɓa fitar da labari ba, kuma a Agustan 1948 ta buga "The Garden of Forking Paths" na Jorge Luis Borges ɗan Ajantina cikin fassarar Anthony Boucher. Edward D. Hoch ya sa labari a kowace fitowarta daga Mayun 1973 har ya rasu a 2008. Ƙanwarta Alfred Hitchcock's Mystery Magazine ta fara a 1956. Ƙananan mujallu ne girman littafin aljihu, kuma in ka tsinci tsohuwar fitowa a tulin gwanjo, ɗauka.

Wasu ƙasashe ma ta mujalla suka gina nasu. Arsène Lupin na Maurice Leblanc ya fito a Je sais tout ta Faransa a 1905, mai jin Faransanci zai karanta shi daga tushe. Marubuci Edogawa Rampo ya fara a Shin Seinen ta Japan a 1923. Feluda na Satyajit Ray ya bayyana a Sandesh ta Bengal a 1965. Kundin Edwards mai suna Foreign Bodies na 2017 ya tara irin waɗannan cikin fassarar Turanci.

Ga mai niyyar fassarawa ko karantawa a rediyo da YouTube

Samun labari kyauta a intanet ba ya nufin an sake maka shi. Project Gutenberg dokar Amurka yake bi, inda tsohon aiki ke fita daga haƙƙin mallaka bayan shekara 95 da bugawa, shi ya sa labaran Holmes na ƙarshe ba su fita a can ba sai 1 ga Janairun 2023. A Najeriya lissafin daga rasuwar marubuci yake, shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Doyle ya rasu a 1930, Chesterton a 1936, Bramah a 1942, Freeman a 1943, Morrison a 1945, Orczy a 1947: duk waɗannan hanya a buɗe take. Sayers ta rasu a 1957, Chandler a 1959, Hammett a 1961, Christie a 1976, don haka nasu sai da izini. Gabatarwar edita da bayanansa nasa ne ko da labaran sun tsufa, haka fassarar Turanci ta labarin Faransanci ko Japananci tana da mai ita daban. Ka yi aiki da rubutun mujallar ko bugun farko, ka kuma rubuta sunan marubucin da mujallar da shekarar a saman fassararka.